Masu Tauna Taura Biyu: Wa Ya Fi Wani a Fagen Kurket?

  

Yau sharhinmu zai ɗan bar filin ƙwallon ƙafa da muka saba. Za mu leƙa filin kurket. Wasa ne da bai yi ƙarfi a unguwanninmu ba. Amma a Indiya da Pakistan da Bangaladash, mutane na rufe shago saboda shi. Haka a Ingila da Ostareliya, da Afirka ta Kudu, da tsibiran Karibiyan. Duk inda masoyansa suka zauna kallo kuwa, akwai musu guda da ba ya ƙarewa. A cikin 'yan wasan da suka haɗa jifa da duka, wa ya fi kowa?

Magana ɗaya nake so mu tashi da ita yau. Ba a naɗa gwani a tsakiyar wasa. In kana son auna mai aiki biyu, cire masa ɗaya, ka ga ko ɗayan zai riƙe shi. Ku riƙe wannan. Za mu yi ta komowa kanta.

Da farko, bari mu yi wa wanda bai san wasan ba bayani a gurguje.

Ƙungiya biyu ce, kowacce da mutum goma sha ɗaya. Ɗaya na jifa, ɗaya na duka. An kafa turaku uku a ƙasa. Mai jifa yana neman ya buge turakun nan da ƙwallo. Mai duka yana tsaye a gabansu da faffaɗan katako. Yana kare su, yana kuma korar ƙwallon nesa don ya tara maki. In ƙwallo ta gangara har iyakar fili, maki huɗu ke nan. In ta tsallake iyaka ta sama, maki shida. In aka buge turakunsa, ko aka cafe ƙwallon da ya doka kafin ta taɓa ƙasa, ya fita. In aka fitar da mutum goma, zubin ƙungiyar ya ƙare, sai a yi musaya. Akwai wasan 'yan sa'o'i. Akwai na yini guda. Akwai kuma babbansu, wasan kwana biyar, inda kowace ƙungiya ke da zubi biyu.

Jifa sana'a ce mai zaman kanta. Duka ma haka. Mutum kan ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyon ɗaya, bai gama ba. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. To a kurket akwai 'yan ƙalilan da suka tauna. Su yi jifa a matsayin gwanaye, su ɗauki katako su yi duka a matsayin gwanaye. Ƙungiyar da ta samu irinsu ta samu mutum biyu a gurbin mutum ɗaya. Shi ya sa ake ji da su. Shi ya sa kuma ake musu a kansu.

Yanzu ku biyo ni zuwa birnin Leeds da ke arewacin Ingila. Filin Headingley. Ranar Lahadi, 25 ga watan Agusta, 2019. Ingila da Ostareliya ne, a wasan kwana biyar, tsofaffin abokan hamayya tun ƙarni na goma sha tara.

Ingila ta shiga uku tun a zubin farko. An fitar da mutanenta gaba ɗaya da maki 67 kacal. Abin kunya ne a gida. A zubi na biyu ana nemanta da maki 359 kafin ta yi nasara. Kafin wannan rana, ba ta taɓa cin wasa da bin maki masu yawan haka ba. Aka yi ta fitar da mutanenta ɗaya bayan ɗaya, har tara suka tafi. Saura maki 73. Saura mutum ɗaya a fitar, a tashi.

Mutum biyu ne suka rage a fili. Ben Stokes, mai jifa kuma mai duka. Da Jack Leach, mai jifa, wanda duka ba aikinsa ba ne. Mai tabarau ne, yana tsayawa yana goge shi kafin a jefo masa ƙwallo.

Abin da ya biyo baya, har yau ana ba da labarinsa. Stokes ya fara zubin nan a hankali, kamar ba ya so. Ya fuskanci jifa sama da saba'in da maki uku kawai. Da ya ga saura shi da Leach, sai ya saki hannu. Ya yi ta aika ƙwallo cikin 'yan kallo. Ya yi ta dabarar da za ta sa jifa ya riƙa zuwa kansa, ba kan abokinsa ba. Da aka tashi, yana da maki 135, ba a fitar da shi ba. Leach yana da maki ɗaya. Ingila ta yi nasara. Kuma kafin wannan duka, Stokes ɗin ne ya yi ta jifa ba hutawa a zubin Ostareliya na biyu, ya fitar da mutum uku.

To masu sauraro, ku saurari bakin 'yan kallo a irin wannan sa'a. A cikin fili, a gidaje, a wuraren shan shayi daga Landan har Lahore.

Saurayi zai miƙe tsaye ya ce: an gama magana, ba a taɓa yin kamarsa ba. Mako shida da suka wuce shi ya ciyo mana Kofin Duniya, yau kuma ga wannan.

Dattijon da ke gefensa zai ce: zauna yaro, ba ka ga komai ba. A wannan filin, a 1981, Ian Botham ya yi irinta kafin a haifi wannan. Kuma gaskiyar dattijo ce. A waccan shekarar ma Ostareliya ce. Ingila na bakin faɗuwa, har an fara haɗa kaya. Botham bai daɗe da rasa shugabancin ƙungiya ba. Ya fitar da mutum shida a jifa, sannan ya doka maki 149 ba a fitar da shi ba. Wasan da aka fidda rai, Ingila ta cinye.

Ba'indiye zai ce: ku duka ku yi shiru, kun manta Kapil Dev. A Kofin Duniya na 1983, Zimbabuwe ta fitar da mutum biyar na Indiya da maki 17. Kapil ya shigo ya doka 175. Mako guda bayan nan ya ɗaga kofin a filin Lord's, yana shugaban ƙungiya.

Ɗan Pakistan zai ce: Imran Khan fa? Wanda ya kai mu ga Kofin Duniya a Melbourne a 1992?

Ɗan Afirka ta Kudu zai buɗe littafin lissafi ya ce: ku karanta sunan Jacques Kallis, sannan mu yi magana.

Tsoho daga Barbados zai yi murmushi kawai. Zai ambaci suna ɗaya. Garfield Sobers.

Kun ga yadda abin yake. Kowa ya ambaci ɗan ƙasarsu. Kowa ya ambaci gwanin ƙuruciyarsa. So hana ganin laifi. Ba aibu ba ne, haka ɗan Adam yake. Amma in gaskiya muke nema, sai mun matsa gaba da haka.

Mu ɗauki magana ta farko. Me ya sa hukuncin tsakiyar wasa ke yaudara?

Saboda ido yana ganin bajinta, ba ya ganin sa'a. Mu koma Headingley a 2019. Saura maki biyu Ingila ta ci, Leach ya fito da gudu a inda bai kamata ba. Aka jefo wa Nathan Lyon na Ostareliya ƙwallo. Abin da ya rage masa kawai ya cafe, ya taɓa turaku, Leach ya fita, Ostareliya ta yi nasara. Ƙwallon ta suɓuce masa. Jifa na gaba, ƙwallo ta bugi ƙafar Stokes a gaban turaku, abin da shi ma kan fitar da mai duka. 'Yan Ostareliya suka ɗaga hannu suna roƙo. Alƙali ya ce bai fita ba. Na'urar bin sawun ƙwallo ta nuna ya kamata ya fita. Amma Ostareliya ta riga ta ɓarar da damarta ta ɗaukaka ƙara, 'yan mintoci kafin nan. Da Lyon ya riƙe ƙwallon nan, ko da alƙali ya ɗaga yatsa, da labarin ya zama na jarumin da ya yi ƙoƙari ya faɗi a bakin gaɓa.

Haka ma wasan ƙarshe na Kofin Duniya, da Niyu Zilan, a watan Yuli na shekarar. Ana daf da tashi, Stokes ya yi tsalle ya kwanta don ya isa wurinsa. Ƙwallon da aka jefo daga nesa ta bugi katakonsa, ta gangara har iyaka. Ƙarin maki huɗu daga sama. Bai nema ba, har ya ɗaga hannu yana ba da haƙuri. Aka tashi kunnen doki. Aka yi ƙarin zagaye, aka sake yin kunnen doki. Ingila ta ɗauki kofin ne da wata ƙa'ida ta ƙirga yawan ƙwallon da ta kai iyaka. Daga baya aka soke ƙa'idar.

Kada a ji ni ba daidai ba. Wannan bai rage bajintar Stokes ba. Sa'a ba ta samun wanda ya riga ya fita. Amma wanda zai yanke hukunci, dole ya ga bajintar, ya ga sa'ar.

Ga kuma ɗaya gefen. A 2016, a birnin Kolkata na Indiya, an yi wasan ƙarshe na gasar duniya ta gajeren wasa. Ingila da tsibiran Karibiyan. Saura jifa shida, 'yan Karibiyan na neman maki 19. Aka miƙa wa Stokes ƙwallo. Carlos Brathwaite ya doka shida, ya sake, ya sake, ya sake. Sau huɗu a jere. Stokes ya durƙusa a fili ya rufe fuska. A daren nan, da ka tambayi 'yan kallo, da sun ce wannan yaro ya gama yawo. Mutum ɗaya ne. Bakin da ya tsine masa a 2016 shi ya naɗa shi sarki a 2019. Duka hukuncin biyu an yi su ne da zafin kallo.

Ko labarin Botham na 1981, ana yawan yanke masa wutsiya. Bayan dukan da ya yi, Ostareliya maki 130 kawai take nema. Bob Willis ne ya zo ya fitar da mutum takwas. Ba don Willis ba, da dukan Botham ya tafi a banza. Amma sunan Botham ne ya bi gari.

Shi ya sa na ce ba a naɗa gwani a tsakiyar wasa.

Sai magana ta biyu. Wani zai ce: to shi ke nan, mu bar ido, mu koma littafi. Lissafi ai ba ya son kai.

Gaskiya ne lissafi ba ya son kai. Amma shi ma ba ya faɗin komai da komai.

In littafi za a bi, Jacques Kallis ya wuce kowa. Ya tara maki sama da dubu 13 a wasan kwana biyar. Ya fitar da mutum 292. Lokacin da ya ajiye katako a 2013, Sachin Tendulkar na Indiya kaɗai ya fi shi yawan doka maki ɗari a zubi guda. Ba surutu, ba fankama. Shekara goma sha takwas yana abu ɗaya, kullum ana samunsa.

Amma akwai abin da littafi bai rubuta ba. Kallis ya yi wasa ne a ƙungiyar da ke cike da manyan masu jifa. Allan Donald, Shaun Pollock, Makhaya Ntini, Dale Steyn. Su ne ke buɗe fage. Shi yakan zo ne a baya, ya taimaka. Nauyin jifa bai taɓa zama a kansa shi kaɗai ba.

Ku kwatanta da Kapil Dev. Mai jifan ƙarfi ne a ƙasar da filayenta ba sa taimakon jifan ƙarfi. Ƙasa busasshiya, rana mai zafi, ƙwallo ba ta tashi. Shekaru da dama kusan shi kaɗai ne abin dogaro a wannan fanni. Duk da haka ya fitar da mutum 434, wanda a 1994 babu wanda ya kai haka a duniya. Littafi zai ba ka adadin. Ba zai gaya maka irin ƙasar da aka yi gumin a kanta ba.

Haka Richard Hadlee na Niyu Zilan, wanda ya ɗauki jifan ƙasarsa a kafaɗa shekara da shekaru. Haka Shakib Al Hasan na Bangaladash. A Kofin Duniyar nan na 2019 da ake yabon Stokes, Shakib ya tara maki sama da 600, ya kuma fitar da mutum goma sha ɗaya. Babu mai aiki biyun da ya kama ƙafarsa a gasar. Amma ƙasarsa ba ta kai wasan kusa da na ƙarshe ba. Sai aka tafa masa, aka wuce. Gwani a ƙaramar ƙungiya, aikinsa ya fi yawa, yabonsa ya fi kaɗan.

Sannan zamani ya bambanta. A zamanin Sobers babu hular kwano. Ƙwallon kurket kuwa tauri gare ta, tana fasa kai. Wasannin ma ba su kai na yanzu yawa ba. Sobers da ya buga wasa 93 da Kallis da ya buga 166, ba a jera jimlarsu a ce an yi adalci.

Ke nan ido kaɗai bai isa ba. Littafi kaɗai ma bai isa ba.

Wannan ya kawo mu ga magana ta uku, wadda ita ce zuciyar sharhinmu. Mene ne ma'auni?

Ma'aunin shi ne wanda na faɗa tun farko. Cire masa ɗaya, ka ga ko ɗayan zai riƙe shi. A ce yau ya kasa jifa. Za a sa shi a ƙungiya don dukansa kaɗai? A ce yau ya kasa duka. Za a sa shi don jifansa kaɗai? Wanda aka amsa masa da e sau biyu, shi ne cikakken mai aiki biyu. Wanda aka amsa masa sau ɗaya, gwani ne a abu ɗaya mai taɓa ɗayan. Wanda ba a amsa masa ko sau ɗaya ba, ɗan cike gurbi ne, ko da ana kiransa da babban suna.

Ma'aunin nan yana da tsauri. Yawancin waɗanda ake yabo, ɗaya da rabi ne, ba biyu ba. Hadlee, in ka cire masa jifa, dukansa ba zai riƙe shi a kowace ƙungiya ba. Kallis, in ka cire masa duka, zai yi wuya ya ture Donald ko Steyn. Wannan ba raini ba ne. Kowannensu a fanninsa yana sahun gaba a tarihi.

Botham fa? A shekarunsa na farko ya ci wannan jarrabawa. A Bombay, a 1980, ya doka maki sama da ɗari, ya kuma fitar da mutum goma sha uku, a wasa guda. Amma bayan 'yan shekaru jiki ya yi nauyi, baya ya fara ciwo. Botham na ƙarshe bai kai Botham na farko ba.

Imran Khan kuwa, shi rayuwa ce da kanta ta yi masa jarrabawar. Yana tsakiyar tashensa a jifa, ƙashin ƙaurinsa ya tsage. Wajen shekara biyu ba ya iya jifa. Pakistan ba ta ajiye shi ba. Ya je Kofin Duniya na 1983 a matsayin mai duka kawai, har ya doka ɗari a can. Da ya warke ya dawo jifa, ya ci gaba da firgita masu duka. A shekaru goman ƙarshe na wasansa, dukansa ya kai na manyan masu duka, jifansa ya kai na manyan masu jifa. An cire masa ɗaya a zahiri, ɗayan ya riƙe shi.

Sai Sobers. Ku ji yadda ya fara. A 1954, yana ɗan shekara goma sha bakwai, aka sa shi a ƙungiyar Karibiyan saboda jifansa. A duka, na tara yake shigowa, can wajen wutsiya. Shekara huɗu bayan nan, a Kingston, ya doka wa Pakistan maki 365 ba a fitar da shi ba. Babu wanda ya wuce wannan sai Brian Lara, bayan shekara 36. Yaron da aka ɗauka don jifa ya zama babban mai duka na zamaninsa. Jifan nasa ma iri uku ne. Yana jifan ƙarfi. Yana murɗa ƙwallo da yatsu. Yana murɗa ta da wuyan hannu. Duk wanda filin ranar ya nema, shi zai fitar. A cafe ƙwallo kusa da mai duka ma, ba a cika samun kamarsa ba.

Don haka ga hukuncina, masu sauraro, kuma kuna da damar ƙin yarda. Sobers ne a gaba. Imran ne ya fi kowa matsowa kusa da shi a daidaiton hannu biyun. Kallis ya fi kowa daɗewa a kan ganiya. Stokes kuwa, lissafinsa bai kai na waɗannan ba. Amma ranar da gida ya kama da wuta, yana cikin mutum biyu ko uku da za a fara kira. Ya sake nuna haka a 2022 a Melbourne, inda ya tsaya har ƙarshe Ingila ta doke Pakistan ta ɗauki kofin gajeren wasa, kofin da ya suɓuce a hannunsa a Kolkata. Wannan daraja ce babba. Amma gwanin ranar wuya daban, gwanin da ya fi kowa daban.

Kafin mu rufe wannan babi, akwai abin da 'yan kallo kan manta. Aiki biyu yana cin jiki. Mai jifan ƙarfi yana dira da nauyinsa duka a kan ƙafa ɗaya, sau ɗari a yini. Sauran masu jifa in sun gama sai su miƙe ƙafa su huta. Shi kuwa sai ya ɗaura kayan kariya ya shiga duka. Andrew Flintoff na Ingila ya bar wasan kwana biyar a 2009 yana da shekara 31, gwiwa da idon sawu sun gaji. Stokes ma an yi masa aiki a gwiwa. In ka ga mai aiki biyu ya yi sanyi wata rana, ka tuna kayan da ya ɗauko kafin ka buɗe baki.

Na san wani zai ce: malam, ka cika tsanani. Ana tsakiyar murna ka zo da ma'auni. Ai daɗin kallo shi ne ihu da musu.

Na yarda. Wasan da ba a musu a kansa ya mutu. Wanda ya ga abin da Stokes ya yi a Leeds bai yi tsalle ba, a duba lafiyarsa. Yi ihunka. Yi tsallenka. Abin da nake cewa shi ne, ihu na lokacin wasa ne, hukunci na bayan an huce ne. Ko a waccan shekarar, mako biyu bayan murnar Leeds, Ostareliya ta je Manchester ta doke Ingila. Kambun da ƙasashen biyu ke faɗa a kansa bai bar hannunta ba. Rana ɗaya ta ba da labari mai daɗi. Ba ta yanke hukunci ba.

Akwai kuma sunan da ba a cika jin sa a irin wannan musu ba. Betty Wilson, 'yar Ostareliya. A 1958 ta doka ɗari, ta kuma fitar da mutum sama da goma a wasa guda, a karawa da Ingila. Ta riga Botham yin haka da shekara 22. Ta riga kowane namiji. In za a jera masu aiki biyu da adalci, da ita a layin.

Mu ma nan gida ba baƙi ba ne gaba ɗaya a wannan wasa. Tun zamanin Turawa ake buga shi a Najeriya. Akwai filinsa a dandalin Tafawa Balewa da ke Legas. A watan Janairun 2025, 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke Niyu Zilan a gasar duniya a Maleshiya, da tazarar maki biyu. A 2028 kuma kurket zai koma gasar Olamfik a Amurka, bayan fiye da shekara ɗari. Ke nan musun nan da muke ji daga nesa, wata rana da sunayen 'ya'yanmu za a yi shi.

Mu tattara. Ido yana ganin bajinta, yana mance sa'a. Littafi yana ba da adadi, yana mance wahala. Ma'aunin mai aiki biyu shi ne a cire masa ɗaya, a ga ko ɗayan zai riƙe shi. Kuma ba a naɗa gwani a tsakiyar wasa.

Masu sauraro, in kun samu dama, ku zauna ku kalli wasan kurket ko sau ɗaya, daga farko har ƙarshe. In musu ya tashi, ku yi shi da hujja, ku yi shi da fara'a. Ku bar dattijo ya ba da labarin gwaninsa, ku ma ku ba da na naku. Kada wasan da ake yi a Leeds ko Kolkata ya raba ku da maƙwabci. Iyaye da malamai kuma, in kun ga yaro ko yarinya na da hannun jifa da hannun duka, kada ku yi saurin ce masa ya zaɓi ɗaya. Ku ba shi fili, ku ba shi lokaci.

Nan muka kawo ƙarshen sharhinmu na yau.